Amsa: Rubutun Photoshop ya ƙanƙance a allon 4K

Malam, ka ce ka sayo laftof mai allon 4K a Sabon Gari, sai rubutun Photoshop CS6 ya koma kamar tururuwa. Allonka lafiya lau yake. Ɗigo 3840 a 2160 aka cusa cikin inci 15.6, shi kuwa CS6 na Windows bai san irin wannan allo ba.

Danna dama a kan Photoshop.exe, ka shiga Properties, Compatibility, Change high DPI settings. Sa alama a Override, ka zaɓi System. Maɓallan za su girma, amma Windows miƙa komai yake yi har da hoton, sai ya yi dishi-dishi. Kada ka yanke hukuncin kaifin hoto a haka, musamman wanda za ka kai a wanke wa kwastoma.

Gyara na gaskiya shi ne sabon Photoshop: tun sigarsa ta 19.1 ta 2018 yake bin ma'aunin girman rubutu da maɓallai (Scale) na Windows 10, daga 100% zuwa 400%. A saitin allo na Windows, sa 200% ko 250%. In kuɗin wata-wata na sabon Photoshop ya yi nauyi, manhajar gyaran hoto GIMP 3.0 na 2025 kyauta ne, yana kuma zama daidai a 200%.