Maigidana na da tsohon bashi, yanzu yana so in karɓo masa wani da sunana

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam don Allah a taimaka min da shawara, kuma a sakaya sunana. Ni malamar makaranta ce a nan Kano, ina ɗan taɓa sana'ar turaren wuta. Shekararmu uku da aure, sai watan jiya na gano maigidana na da basussuka tun kafin ya aure ni. Akwai bashin korona dubu 500 da ya karɓa a 2020 yana zaton tallafi ne, akwai na manhajojin waya masu ba da bashi guda uku, sai wani dila a kasuwar Kwari da yake bin sa kuɗin yadi. Yadda na gano, yayana ne ya turo min kuɗin asibiti ta asusun maigidan, kafin gari ya waye an zare su. Ya je banki neman mota ta biya kaɗan-kaɗan aka ce sunansa ya ɓaci. Yanzu yana so in karɓo bashi da sunana ko in sayar da sarƙata, wani kuma ya ce a ba shi dubu 80 zai goge sunan daga kwamfuta. Mutumin kirki ne wallahi, na rasa yadda zan yi.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya yaye muku. Bari in fara cire miki nauyin da na san shi ne yake hana ki barci: wannan bashin nasa ne, ba naki ba ne, a addinance da kuma a dokar ƙasa, aure ba ya mayar da bashin miji kan mata, albashinki da sarƙarki da kuɗin turarenki duk mallakinki ne. In kin taimaka masa alheri kika yi, kuma akwai lada mai yawa, Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud ta tambayi Annabi (SAW) kan sadakar da za ta ba mijinta aka ce tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Amma akwai bambanci tsakanin ki taimaka da abin da ke hannunki da kuma ki ɗauki sunanki ki saka a ramin da nasa ya faɗa, na biyun nan shi ne nake roƙonki kar ki yi.

Na yi shekaru a teburin ba da bashi a wani banki a nan Kano, kuma har yau ban manta wata baiwar Allah ba da ta shigo da goyo a baya, tana riƙe da wasiƙar da aka aika mata tana juya ta ba ta san me aka rubuta ba, da na buɗe fayil sai ga hotonta da sa hannunta a matsayin garanto. Ta ce min ai a ƙofar gida maigidan ya miƙo mata takardar tana tsakiyar tuƙa tuwo ya ce sa hannu nan kawai. A lokacin har sun rabu, shi ya bar gari, ita ce ake gani. To ki gane, ranar da kika karɓo bashi da BVN ɗinki ko kika tsaya masa garanto, daga ranar ke ake bi, banki ba ruwansa da wa ya ci kuɗin. Yanzu a gidanku suna ɗaya ne ya rage mai tsabta, shi ne naki, da shi za ku nemi wani abu in ta ɓaci gobe.

Kuɗin asibitin da aka zare kuwa, alamu sun nuna GSI ne. Tsari ne da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da shi ranar 1 ga Agusta 2020, wanda ya ba bankin da ke bin bashi damar ya ɗebi kuɗinsa daga duk wani asusun da ke ɗaure da BVN ɗin wanda ya ci bashin, ko a wane banki yake, matuƙar ya sa hannu a kan wannan izinin lokacin karɓa, kuma yawancin mutane sun sa ba su karanta ba. Bashin korona da aka bayar ta hannun NIRSAL Microfinance Bank bashi ne tun asali, mutanenmu da yawa sun ɗauka rabon gwamnati ne don abin da aka riƙa faɗa ke nan a majalisun hira da gidajen biki. Don haka daga yau duk kuɗin da yake naki, ko na asibiti ko na makarantar yara, a turo ta asusunki, kuma kar ku buɗe asusun haɗin gwiwa sai an gama da wannan maganar.

Shi kuma mai cewa a ba shi dubu 80, ku rabu da shi. Sunan ba a wata kwamfuta ɗaya yake ba da wani zai shiga ya danna ya goge. Akwai kamfanoni uku masu lasisin Babban Banki da suke tara tarihin bashin mutane, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, bankuna da masu ba da bashi su suke aika musu bayani, to ko da a ce wani ya taɓa wani abu a yau, banki zai sake aiko da bayaninsa ya dawo yadda yake, kun yi asarar dubu 80 kuma kun shiga harkar zamba. Abin da zai yi na gaskiya shi ne ya nemi rahotonsa da kansa daga duka ukun, dokar 2017 da ta tsara wannan harkar ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, kuma ana nema ta intanet da BVN. Na ce duka ukun ne don ba kowane mai ba da bashi ne yake kai bayani wa dukkansu ba. In ya ga bashin da ba shi ya ci ba, ko wanda ya biya amma har yanzu ana nuna ana bin sa, ya rubuta ƙorafi ya haɗa da rasit ya kai wa bankin da kamfanin, in an yi biris da shi akwai sashen kare haƙƙin kwastomomi a Babban Banki.

Amma kafin duk wannan akwai zaman da ya wajaba ku yi ku biyu, kuma a ganina shi ya fi komai wuya. Mutumin da ya ɓoye bashi shekara uku yawanci kunya ce ta sa shi, ba mugunta ba, kuma mai jin kunya in ya tashi faɗa rabi yake faɗa. Ki bari sai bayan isha'i yara sun yi barci ya ci abinci, ki ɗauko sabon littafi mai layi-layi irin na ɗalibanki da biro, ki ce masa Abban wane ni ba faɗa na zo yi ba, so nake mu rubuta komai har na mai shago da na abokai, wa ke bi, nawa aka karɓa, nawa ya zama yanzu. Kar ki katse shi in ya faɗi adadin da ya girgiza ki, in kika zaro ido sau ɗaya to sauran ba za ki ji su ba. Sisinki kar ya fita sai kin ga ƙarshen wannan lissafin da idonki, na sha ganin mace ta sayar da gwal ɗinta an toshe rami ɗaya, bayan wata biyu wani ya ɓullo wanda ba ta taɓa jin labarinsa ba.

Wajen biya, ku fara da manhajojin nan don su ne kuɗin ruwansu da tararsu ke hawa kullum, ya tura musu saƙo a rubuce ya nemi a yafe tarar ya biya uwar kuɗin, da yawa suna yarda don gara su samu wani abu. In suna kiran mutanen da ke wayarsa suna ci masa mutunci, wannan ba hurumin su ba ne, ana kai ƙara hukumar FCCPC mai kare haƙƙin kwastomomi. Na bankin kuma ya daina gudu, ya sa hularsa ya je da ƙafarsa ya nemi a sake tsara masa biya daidai ƙarfinsa, ko dubu 20 ne a wata, a rubuce. Duk wanda aka gama biya kar ya bar wurin sai da takardar shaidar ba a bin sa bashi, ki karɓa ki adana inda kike ajiye takardun makarantarki, bayan wata biyu ya sake duba rahoton ya tabbatar an nuna ya biya. Tarihin jinkirin ba zai ɓace nan take ba, yana ɗaukar shekaru, amma ma'aikacin banki in ya ga an makara kuma an biya, kallonsa daban da wanda ya ga an gudu.

Sai dilan Kwari, wanda nake jin kun sa shi a ƙarshe don ba ya cikin kwamfuta. Ni a wurina ɗan kasuwar Kano sunansa na cikin kasuwa ya fi masa na banki amfani, don a Kwari da Singa da Dawanau ana ɗaukar kayan miliyoyi da baki kawai, in aka ce wane ba ya biya to layi guda ya rufe masa. Ya samu dattijo ɗaya da dilan yake jin nauyinsa su je tare, ya amsa laifinsa, ya kai ko kaɗan ne a hannu, a yanka abin da zai riƙa kaiwa duk sati, a rubuta da shaidu biyu kamar yadda aya ta 282 a Baƙara ta yi umarni. Aya ta 280 ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, kuma 'yan kasuwarmu da yawa suna yin hakan in aka je musu da mutunci, abin da ba sa yafewa shi ne a riƙa kashe waya. Kuma kar ya ji kunyar sanar da 'yan'uwansa masu hali, wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas da aka ambata a aya ta 60 ta Tauba da suka cancanci zakka.

Maganar mota a ajiye ta tukunna, ba a ɗora sabon kaya a kan wanda bai sauke na kansa ba. Sarƙa kuma ni dai ba zan ce ki sayar yanzu ba. In lissafi ya kammala, kin ga ya yi wata uku ko huɗu yana biya da guminsa ba fashi, sannan ya rage wani adadi da in kika sa hannu za a rufe gaba ɗaya, kuma zuciyarki ta kwanta ba don an matsa miki ba, to ki yi, amma ki tura kuɗin kai tsaye ga mai bin bashin daga asusunki, ki karɓi rasit, ku kuma faɗa wa juna tun a lokacin kyauta ce ko rance. In rance ne a rubuta, ki sa yayan nan naki da ya turo kuɗin asibiti ya zama shaida.