Amsa ga ƙanenmu na Agege kan haɗa karatu da aiki da waƙa

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka har sau biyu, kuma sai da jikina ya yi sanyi, domin hanyar da kake shirin bi na riga na bi ta. Ka ce kana aji biyu a Jami'ar Legas da ke Akoka, kana zaune wurin kawunka a Agege, wani ɗan garinku ya yi maka tayin zama a rumfarsa ta POS, kuma kana son ci gaba da zuwa situdiyo saboda waƙoƙin da kake rubutawa. Kana tambaya ko ukun za su haɗu. Za su iya haɗuwa, amma kalmar "ɗan garinmu" ce ta tsaya mini a rai, domin ita ce ta kayar da ni.

Na fara aiki ne lokacin yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya faro a Fabrairu bai ƙare ba sai Oktoba. Zaman banza ya ishe ni, sai wani dillalin albasa a kasuwar Mile 12, wanda ya san mahaifina tun a gida, ya ce in zo in riƙe masa littafin lissafi. Da na yi ƙarfin halin tambayar abin da zai riƙa ba ni, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba, ɗana, tsakanina da kai har akwai ciniki?" Kunya ta rufe mini baki, kuma a wannan minti ne na sayar da kaina ba tare da an yi farashi ba.

Da aka koma makaranta bai sake ni ba, ni kuma ban iya cewa a'a ba. Ranar da ba zan manta ba, ina da jarrabawa da ƙarfe tara, kuma na sanar da shi tun mako guda kafin nan. Bayan sallar asuba ya kira ni ya ce mota ta iso daga Aliero, in zo in ƙirga buhu kawai in wuce. Na je da katin jarrabawata a aljihun gaba. Aka fara sauke kaya, gardama ta kaure tsakaninsa da direba a kan buhu huɗu da aka ce sun yi ƙasa, ya ce ba inda za ni sai an sake ƙirge daga farko. Ina tsaye da biro a hannu, ina duban agogo, shi kuwa yana zaune a kan benci yana kurɓar shayi, har yana gaya wa maƙwabcinsa cewa yaran boko ba su da haƙuri. Sai bakwai da rabi ta wuce ya ɗaga mini hannu. Kowa a nan ya san yadda titin Ikorodu yake a wannan lokaci. Daga Ketu zuwa Ojota kaɗai na ga tashin hankali, a Jibowu na sauka na kama gudu da ƙafa, rigata tana warin albasa. Na isa bakin ɗakin jarrabawa an yi nisa, mai sa ido ya bi doka, kuma ban ga laifinsa ba. Na zauna a bakin ruwa na bayan makaranta na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina firamare. Kwas ɗin na dole ne, sai da na sake ɗaukarsa a shekara ta gaba. Da na gaya wa dillalin abin da ya faru, cewa ya yi haka Allah ya ƙaddara, sannan ya tambaye ni ina na ajiye littafin. Har yau muna haɗuwa a wajen ɗaurin aure, ina durƙusawa in gaishe shi, amma zuciyata ba ta huce ba.

Saboda haka kada ka zauna a rumfar nan sai an yi magana ƙarara a gaban kawunka: nawa ne a wata, ƙarfe nawa za ka tashi, kuma makonnin jarrabawa ba ka nan gaba ɗaya. A harkar POS akwai ƙarin abu guda, wato wa zai biya idan aka turo alat na bogi ko kuɗi suka yi ƙasa da yamma. Idan ba a faɗa ba, a wuyanka zai faɗo. Ka kuma nemi bashin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024, wanda ba shi da kuɗin ruwa, yana biyan kuɗin makaranta, ana kuma ba da naira 20,000 a wata. Ba zai riƙe ka a Legas ba, musamman yadda kuɗin mota ya tashi tun cire tallafin mai a 2023, amma zai ba ka bakin cewa a'a. Kai ma ka yi sa'a, jirgin ƙasa na Red Line yana tsayawa a Agege da Yaba, ka sa kuɗi a katin Cowry, wanda ake biyan kuɗin jirgin da shi, ka huta da danfo.

Waƙa kuwa, ba zan ce ka bari ba, domin ni da na bar tawa na yi nadama. Ina da littafin baitoci da na cika rabinsa a cikin motar bas ta BRT, ya jiƙe da ruwan sama a rumfar dillalin albasar nan, ban sake buɗe wani ba. Ka riƙa rubutawa a hanya, ka ɗauki muryarka a waya, ka bar situdiyo sai hutu, domin zaman dare a can shi ke cinye lakcar ƙarfe takwas. Kada kuma ka ba mai haɗa kiɗa kuɗi duka kafin ka karɓi aikinka a hannu.

Idan kun zauna da mai rumfar, ka dawo ka faɗa mana ƙarfe nawa ya ce za ka riƙa tashi, da kuma yadda fuskarsa ta yi lokacin da ka ambaci jarrabawa.