Amsa: Me ya sa Najeriya ke shigo da kifi daga waje alhali tana da koguna?

Malam, ka tambaya dalilin da ya sa kifin ƙanƙara ya cika kasuwanninmu duk da Kogin Neja, Kogin Binuwai, Tafkin Chadi da gaɓar teku da Allah ya ba mu. A taƙaice, abin da muke kamawa da wanda muke kiwo bai kai buƙatar jama'a ba, shi ya sa 'yan kasuwa ke shigo da titus da shawa a daskare, da kuma busasshen panla daga Norway.

Mafi yawan kifin da ake samu a cikin gida ƙananan masunta ne ke kama shi da kwalekwale da taru, kuma su ne suka fi shan wahala, domin rashin tsaro ya gurgunta kasuwar Baga a Borno, wadda a da take ciyar da Kudu da banda, sannan amfani da raga mai ƙananan idanu yana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba.

Kiwo kuwa ya bunƙasa sosai, har Najeriya ta zama jagaba a kiwon tarwaɗa a Afirka, kodayake Masar ta yi mana nisa da karfasa. Sai dai abincin kifi ne ke cinye fiye da rabin kuɗin mai kiwo, saboda masara da waken suya sun yi tsada, wasu sinadaran kuma da dala ake sayo su. A ganina, matsalar wutar lantarki ta fi komai ciwo, tunda kifin da ba a sanyaya ba dole a ƙyafe shi ko a karyar da farashinsa kafin ya ruɓe.