Amsa: Da Harry Potter tsohuwar nan ta fara fim?

Malam, ka ce ko Harry Potter ne ya fito da Maggie Smith. Ina! Sanda ta saka hular Farfesa McGonagall a 2001 tana da shekara sittin da 'yan kai, kuma tuni ta ajiye kyautar Oscar biyu a gida: ta farko da The Prime of Miss Jean Brodie na 1969, inda ta fito a matsayin malamar makarantar 'yan mata a Edinburgh, ta biyu da California Suite na 1978.

Asalinta 'yar wasan dandamali ce. A Oxford ta fara a 1952, daga baya shahararren ɗan wasa Laurence Olivier ya ɗauke ta a gidan wasa na National Theatre, ta yi Desdemona shi kuma Othello a wasan Othello na Shakespeare. Sarauniyar Ingila ta ba ta muƙamin girmamawa na Dame a 1990.

Ni dai a shirin talabijin na Downton Abbey ta fi burge ni. Za ta ɗaga gira kaɗan, ta kalli mutum sama da ƙasa, ta jefa masa magana ɗaya, shi ke nan ta ƙwace fagen. Ana cikin ɗaukar Harry Potter na shida ma ana yi mata maganin kansar mama, ba ta ajiye aikin ba.

Ta rasu a Landan ranar 27 ga Satumba 2024, tana da shekara 89.