Amsa ga 'yar uwar da ta tambayi ciwon daibatikulaitis

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce Mama ta kwana biyar da ciwon mara ta gefen hagu da zazzaɓi, likita ya rubuta mata daibatikulaitis, kina tambaya ko wani nau'in basir ne. Allah ya ba ta lafiya. Ni ɗan kasuwar shinkafa ne a Jega, amma ciwon nan ya kwantar da ni shekara uku da suka wuce, don haka na ga bai kamata in yi shiru ba.

Ba basir ba ne. Likitan da ya duba ni a Birnin Kebbi zana mini ya yi a bayan kati. Idan mutum ya fara manyanta, galibi daga shekara 40 zuwa sama, wasu wurare a bangon babban hanji sukan yi rauni su bulluƙo waje kamar 'yan ƙananan aljihuna, irin ƙullin da tsohon tiyub na keke ke fitarwa. Mutane da yawa suna da su har ƙarshen rayuwa ba su sani ba. Sai ɗaya ya kumbura ko ƙwayoyin cuta sun shige shi, nan ciwon yake farawa. Mafi yawan aljihunan suna lanƙwasar ƙarshe ta hanji kafin dubura, shi ya sa ake jin sa a hagu, saɓanin afendis da ke dama.

Nawa ya fara ne washegarin wani biki, na ɗora laifin a kan balangu. Na je wani kemis aka ce taifot ne, aka haɗa mini magani da diklofenak, wani maganin rage ciwo. Ciwon ya kan lafa na 'yan awoyi, ya dawo da ƙarfinsa. Abin da ya kamata in lura da shi tun farko, wannan ba murɗar ciki ba ce mai zuwa ta tafi. Kafewa ya yi wuri guda, da ɗan yatsa ɗaya nake nuna shi, ga bayan gida ya tsaya, ga tashin zuciya. Ranar da aka ɗauke ni zuwa asibiti, duk ramin da mota ta faɗa sai na damƙe kujera na ɗauke numfashi. Ko ruku'u ya gagare ni.

An gwada jini, an yi mini hoton CT, aka ga har ɗan mugunya ya fara taruwa. Da na ambaci diklofenak likita ya girgiza kai, ya ce shi da ibufurofen suna ƙara haɗarin hanjin ya huje ko ya zubar da jini. Don Allah ki bincika jakar Mama, iyayenmu suna yawan ajiye waɗannan saboda ciwon gwiwa. Farasitamol aka bar ni a kai, da allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, abincina kuwa kunu tsararo da romo har hanjin ya huta. Wanda nasa bai yi tsanani ba, a gida ma akan yi jinyarsa. Amma idan cikinta ya yi tauri kamar katako, ko amai ya ƙi tsayawa, ko kun ga jini a bayan gida, ko zazzaɓin ya ƙaru, ku koma asibiti ko da tsakar dare ne. Kuma a jinkirta jiƙe-jiƙen wankin ciki, hanji mai kumburi ba ya son tursasawa.

Bayan ta warke sai maganar abinci. Tun 1971 wasu likitoci biyu, Neil Painter da Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Yuganda, suka danganta yawan cutar a ƙasashen Turawa da ƙarancin dusa a abinci, ganin cutar ta yi ƙaranci a karkarar Afirka. Ni mai sayar da shinkafa da na ji wannan jikina ya yi sanyi, domin na shekara da shekaru daga farar shinkafa sai burodi sai nama, ga zama a shago, ga tumbi. Yanzu na koma tuwon dawa da gero, wake, kwaɗon zogale da rama, miyar kuɓewa, ina shan ruwa sosai, ina taka ƙafa bayan Asuba. A hankali ake ƙara irin wannan abinci, in ba haka ba iska ta cika ciki. Wasu za su ce mata kada ta ƙara cin gyaɗa ko masara, likitana ya ce bincike bai tabbatar da hakan ba.

Abu ɗaya da na so in tsallake shi ne kolonoskofi, na'urar kyamara da ake zurawa ta dubura bayan mako 6 zuwa 8 da lafawar ciwon don tabbatar da ba ciwon daji ne ya ɓuya ba. Kunya ta sa na ɗaga ranar sau biyu, sai da uwargida ta kai ƙarata wurin yayana. Na san Mama za ta fi ni jin nauyinsa, don haka ki fara lallashinta tun yanzu, ki kuma tambayi likitanta ko za a samu mace ta yi mata.