Me ya sa ƙafar da shan inna ya shanye take jin taɓi?

'Yar'uwa, kin tambaya me ya sa ƙafar ɗanki da shan inna ya kama ba ta motsi, amma idan aka mintsine shi yana ji. Allah ya ba shi lafiya.

Ƙwayoyin jijiya ba aiki ɗaya suke yi ba. Wasu suna ɗauko saƙon zafi, sanyi da taɓi daga fata zuwa ƙwaƙwalwa. Wasu kuma suna zaune a cikin laka, wato jijiyar da ke cikin ƙashin baya, da dogon zarensu da ya kai har tsokar ƙafa, su ke ba ta umarnin motsi. Ƙwayar cutar tana shiga ta baki, ta hayayyafa a hanji, idan ta kai laka sai ta kashe masu ba da umarnin, ta bar masu ji. Tsokar da umarni ya daina isowa gare ta sai ta rame, ƙafar ta sirance.

Ƙwayar jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. Amma waɗanda suka tsira sukan yi rassa su karɓi aikin, don haka ki dage da kai shi wajen masu gashin ƙashi a asibiti. Ƙannensa kuma a ɗiga masu rigakafi, kada ki bari ya wuce su.