Furojek ya tsaya, jarrabawar ƙarshe ta matso: ga yadda za ki raba makonni 5 ɗin nan

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kina ajin ƙarshe, saura mako 5 a fara jarrabawa, kwas 6 na jiranki, furojek ya tsaya a babi na 3 a hannun malamin da ke duba miki, CGPA ɗinki, wato matsakaicin makinki na duk shekarun karatu, 3.40 ne, barci ya ƙaurace miki, kai na ciwo, gabanki na faɗuwa, in kin yi karatu kuma ba ya zama. Sannu ƙwarai. Wannan hali ne da ake fita daga cikinsa, kuma mako 5 ba kaɗan ba ne in an san inda za a zuba kowace rana.

Abin da ya fi cin ɗalibi a irin wannan lokaci shi ne komai ya dunƙule masa wuri guda a ka, ya zama dutse ɗaya da ba shi da mariƙa. Saboda haka kafin ki sake buɗe handawut, ɗauki biro da takarda ki yi lissafi. A tsarin maki 5 da yawancin jami'o'inmu ke bi, A maki 5 ce, B 4, C 3, kuma matakin sakamakon da ake kira Second Class Upper yana farawa daga 3.50. Yunit shi ne nauyin kowane kwas, da shi ake ninka makin da aka samu. Mu ƙaddara kin riga kin yi yunit 120. CGPA 3.40 na nufin kin tara maki 408. A ce zangon nan yunit 18 ne, furojek 6, sauran kwas 6 kowanne yunit 2. Jimla za ta zama 138, kuma don ki taɓa 3.50 kina buƙatar 483, wato ƙarin 75. Idan kika samu A a furojek, 30 ke nan a hannu. B a kwas 5 da C a guda 1 sun kai ki. Idan furojek ya sauko B, sai kin kawo A biyu da B huɗu. Idan ya faɗo C, sai A biyar da B ɗaya. Sa ainihin lambobinki ki sake bugawa, za ki ga furojek ɗin nan shi kaɗai ya kai nauyin kwas 3. Za ki kuma ga cewa ba a neman ki cinye komai da A. Abin tsoro na gaske shi ne faɗuwa kwas, domin kwas ɗin zango na biyu sai zango na biyu na baɗi ake sake shi, shekara guda ta tafi, bautar ƙasa ma ta ja baya. Don haka kwas ɗin da makinki na gwaji ya fi rauni a cikinsa shi ne zai fara cin lokacinki, ba wanda kika fi jin daɗin karantawa ba.

Furojek ya bambanta da karatun jarrabawa ta fuska ɗaya mai muhimmanci: rabinsa a hannun wani yake. Karatu naki ne, ko ƙarfe 4 na asuba kina iya yi. Amma sa hannun malami ba ya samuwa sai ya samu sarari, kuma da an shiga jarrabawa zai nutse cikin sa ido a zaure da makin takardu ɗaruruwa. Dabarar ita ce kullum aikin ya kasance a teburinsa ne yake jira, ke kuma kina karatu, ba a jakarki yake kwance ba. Gobe ki buga babi na 3 a takarda, ki haɗa da tsohon kwafin da ya yi wa gyara da jan biro don ya ga kin bi, ki je ofishinsa a lokacin aiki, ke da wata daga cikin waɗanda yake duba wa. Kada ki ce "Malam a duba min" ki tsaya nan. Ki rubuta tambayoyi 3 a shafin farko: ya amince da adadin mutanen da za a tambaya? Ya amince da takardar tambayoyin binciken da za a raba musu? In fara rabawa? Malamin da ba shi da awa 2 na karanta babi yana da minti 10 na amsa waɗannan. Kafin ki fito ki roƙi rana: "Malam, wace rana zan dawo?" In an yi mako ba a same shi ba sam, akwai mai kula da furojek na sashe, bayansa shugaban sashe. A je da ladabi, neman mafita ake yi, ba ƙara aka kai ba.

Kada ki raba takardar tambayoyi kafin ya amince. Ɗalibai da yawa sun raba 200, sun tattara, malam ya canza tambaya 4, aikin ya koma farko. Batun adadi kuwa kada ya ɗaure miki kai: in mutanen da bincikenki ya shafa 1,000 ne, akwai hanyoyi biyu na ƙididdige mutum nawa za a tambaya, jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 ya ba da 278, ƙa'idar Yamane kuma 286. Ɗauki wanda sashenku ya saba da shi, ki ƙara kamar 20 a kai saboda waɗanda ba za su dawo ba. Makon farko na amincewa da rabawa ne, na biyu na tattarawa da shigarwa a manhajar lissafi ta SPSS ko Excel, na uku na rubuta babi na 4 da na 5 da miƙawa. Makonni 2 na ƙarshe ki rufe furojek ruf, ko an kira ki gyara ki roƙi a bari sai an gama takarda ta ƙarshe in dokar sashe ta ba da dama.

Babi na 4 bai kai yadda ake jin tsoronsa ba. Kowace tambayar bincike tebur ɗinta, ƙarƙashinsa jimla 3 ko 4 na abin da lambobin suka nuna, sai ki kwatanta da abin da kika kawo a babi na 2. Inda ake kama mutane ranar kare aiki shi ne rashin daidaito: manufofi 4, tambayoyi 5, tebura sun amsa 3, shawarwarin babi na 5 kuma ba su fito daga ko ɗaya ba. Malamin da ake gayyatowa daga wata jami'a nan yake fara leƙawa, sai kuma sunayen da aka ambata a ciki amma babu su a jerin manazarta. In kin nemi taimakon ChatGPT, ki sani yana ƙirƙiro sunan marubuci da mujalla da shekara da ba su wanzu ba. Duk wanda ba ki gan shi da idonki a Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen masana, ba, cire shi. Sayen furojek gaba ɗaya kuwa ƙarin damuwa ne, don tambaya biyu ake yi a gane ba ke kika rubuta ba. Sannan duk daren da kika taɓa aikin, tura wa kanki ta imel ko ki ɗora a Google Drive, da kwanan wata a sunan fayil ɗin. Filashin da ya zaga shagunan buga takardu bai da amana, kwamfuta kuma tana mutuwa ba sallama.

Kin ce karatu ba ya zama. Mafi yawan lokaci ba ƙwaƙwalwar ce ta gaza ba, salon ne. Maimaita kallon shafi yana sa ido ya saba da shi, sai mutum ya ɗauka ya iya, ranar jarrabawa kuma babu shafin a gabansa. A wani bincike da aka wallafa a 2006 a Amurka, an sa wasu ɗalibai su yi ta maimaita karanta rubutu, wasu kuma su rufe su rubuto abin da suka tuna. Bayan minti 5 masu maimaitawa ne a gaba, amma bayan mako guda masu rufewa sun wuce su nesa. Mu ma ai mun san wannan tun a makarantar allo: mahaddaci kife allon yake ya kawo da ka, inda ya kakare nan yake komawa, kuma bai yarda da haddar da ba a yi mata tilawa ba. Haka za ki yi. Karanta maudu'i ɗaya minti 25, kife takardar, ɗauki farar takarda ki rubuta duk abin da ya zo na minti 10, sannan ki buɗe ki cike giɓin da wani launin biro. Wannan jan rubutun shi ne abin da ba ki iya ba, shi za ki bita gobe, da bayan kwana 3, da bayan mako. Zai yi miki wuya fiye da karantawa kawai, har ki ji kamar ba kya ci gaba. Wahalar ce alamar yana shiga.

Nemi tambayoyin shekaru 3 zuwa 5 da suka wuce na kowane kwas, musamman in malamin bai canza ba. Jera maudu'an da suka fi dawowa, ki fara da su. Sau ɗaya a mako ki zauna da agogo ki amsa takarda guda cikakkiya, hannu ma yana buƙatar sabo da rubutun awa 2. Kwas 2 a rana ya isa, mai wuya bayan sallar Asuba lokacin da kai yake wasai, mai sauƙi bayan La'asar ko Isha'i. Karatun rukuni yana da amfani in ba ku wuce 4 ba kuma kowa ya karanto kafin ya zo. In ba haka ba hira ce da tsoratar da juna. Waya kuma a jaka, ba kife a kan tebur ba.

Kwanan aji har gari ya waye, wanda ake alfahari da shi, shi ne babban abin da ke rushe ɗalibai. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa take daidaita abin da aka zuba mata da rana ta adana shi. Babba yana buƙatar awa 7 zuwa sama. In ya matse, kada ki sauka ƙasa da 6, ki cike da ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan Azahar. Faɗuwar gaban nan da kike ji, duba abin da kike sha. Sinadarin da ke cikin kofi da goro da lemukan ƙara kuzari yana ɗaukar kusan awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Wanda ya sha Nescafe ƙarfe 6 na yamma, ƙarfe 11 na dare rabi na nan yana aiki, ga bugun zuciya, ga rawar hannu, sai ya ɗauka tsoron jarrabawa ne. Kofi ɗaya da safe bayan an ci abinci, daga Azahar kuma a bari. Tiramadol da ake cewa yana hana gajiya yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma kama mutum yake. Ƙwayar barci ma kada ki karɓa daga hannun ƙawa ko kemis ba da takardar likita ba, tana barin kai da nauyi har washegari. In kin kwanta tunani ya taso, tashi ki rubuta ayyukan gobe guda 3 a takarda ki ajiye, kai yana sakin abin da ya san an rubuta. In minti 20 ya wuce ido biyu, zauna ki yi azkar ko tilawa a haske kaɗan har barcin ya zo. Addu'ar da Anas ya ruwaito Annabi (SAW) yana yawaitawa, ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da gajiyawa da kasala, ki riƙe ta safe da yamma.

Ciwon kan da ya wuce kwana 3 a je asibitin makaranta a gwada zazzaɓin cizon sauro da hawan jini, in yana zuwa ne lokacin karatu a duba ido. Sau da yawa kuma yunwa ce da ƙarancin ruwa. Kada ki shiga karatu da shayi kaɗai. Ƙosai, ƙwai, wake, gyaɗa, duk abin da zai riƙe ciki. Ibuprofen da diclofenac a kan yunwa suna tayar da gyambon ciki. In a gida kike zaune, ki zauna da Umma ki nuna mata jadawalin, ki roƙi a ɗauke miki girki da wanke-wanke na makonnin nan. Iyaye da yawa ba ƙi suke ba, ba a faɗa musu ba ne.

A zauren jarrabawa, in kai ya ɗauke ɗif, ajiye biro. Ja numfashi ta hanci kina ƙirga 4, sake shi a hankali kina ƙirga 6 zuwa 8, sau 5. Tsawaita fitar da numfashi yana rage gudun zuciya. Sai ki fara da tambayar da kika fi sani, sauran za su biyo. In awa 2 ce tambaya 3, minti 5 na karanta duka, 35 ga kowace, 10 na dubawa. Lokacin tambaya ya cika, bar fili ki wuce, domin makin farko na sabuwar tambaya ya fi sauƙin samu a kan makin ƙarshe na wadda kike ta ƙawatawa. Ki duba jaka da tafin hannu da bayan katin jarrabawa kafin ki shiga. Guntuwar takardar da aka manta a aljihu ta isa a kai mutum gaban kwamiti, hukuncin kuma yakan kai kora. Kin fito, kada ki tsaya a bakin ƙofa ana "me kika samu a ta biyu?" Wuce ki ci abinci.

Idan rashin lafiya ya hana ki zama wata takarda, a ranar ki je asibitin makaranta, ki karɓi rahoton likita, ki rubuta wa shugaban sashe ta hannun mai kula da ajinku. Rahoton asibitin waje sai na makaranta ya tabbatar da shi, kuma jinkiri ne yake sa a rubuta wa mutum faɗuwa maimakon rashin lafiya.

Akwai kuma inda abin ya wuce gajiyar jarrabawa. In kin yi mako 2 ko fiye cikin ƙunci kullum, abinci ba ya ciyuwa, abin da a da kike so duk ya fita ranki, kuka na zuwa ba dalili, ko tunanin gara mutuwa ya fara gilmawa, kada ki jira a gama jarrabawa. Ki faɗa wa wani babba da kika yarda da shi yau, ki ga likita ko ofishin ba da shawara na ɗalibai. Ciwo ne kamar kowane, yana da magani, ba raunin imani ba ne. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano suna da sashensa, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware.

Ki turo sunayen kwas ɗin 6 da yunit ɗin kowanne da makin gwajin da kika samu, da ranakun da jadawalin jarrabawa ya sa su, sai a tsara miki kwanakin ɗaya bayan ɗaya. Allah ya ba da sa'a, ya sa a gama lafiya.